Ƙofar Maƙwabta a Gangaren Marke

Ran da na dawo gida bayan na gama jami'a, ina jan akwatina ta lungun Maƙera, idona ya faɗa kan wani abu da na tashi ina gani amma ban taɓa kallo ba. A gindin katangar kowane gida na tsohuwar unguwa akwai wata 'yar kafa daidai wucewar kaza, kuma babu ko ɗaya da gizo-gizo ya yi wa saƙa. Garinmu kuwa garin yanar gizo ne, ko rufin masallaci bai tsira ba. Na tsuguna kamar mai gyara takalmi, na leƙa. Ta cikin kafar na hango ta gaba, ta cikin ta gaban na hango wata, a jere kamar an ja zare. Can da nisa sai hasken ya tsaya cak a jikin wani farin bango.

Ƙofar maƙwabta ake kiranta a Gangaren Marke. Layinta ya taso daga gindin tsohon marken da ya ba garin suna, ya ratsa gidaje, ya ƙare a Dutsen Kura da ke yamma. In ka tambayi mutanen garinmu amfaninta, wani zai ce maka don ruwan sama ne, wani ya ce don kaji, wani ya ce kai dai ba ka da aikin yi. Magina kaɗai ne ba sa wasa da ita. Babana, Malam Jatau, magini ne ɗan magini. Duk shekara bayan damina, in ya gama yaɓe, yakan sa tafin hannu ya shafe bakin kafar ya ce, "A wuce lafiya." Na taɓa tambayarsa da wa yake magana, ya ce haka ya ga ubansa yana yi.

Farin bangon nan na Alhaji Sallau Mai Kwangila ne, shugaban ƙungiyar ci gaban gari, wanda sai da ya yi kuɗi ya gano cewa shi jikan Barde Jankwari ne. Labarin Barde kowane ɗan firamare ya haddace shi. Wai maharbi ne da ya zo daga arewa, ya tarar da dodo a gindin marke, ya ɗirka masa kibiya, dodo ya gudu cikin dutse, shi kuma ya kafa gari. Alhaji ya gina jerin shaguna hawa biyu a tsakiyar unguwa, ya sa aka zana Barde a jikin bango. Mai zanen ya san inda abincinsa yake, don har tumbin Alhaji ya ba Barden.

Babana ne ya ja ginin, ya kuma bar kafar a inda take. Inna ta ba ni labarin yadda suka yi ran da Alhaji ya zo duba aiki.

"Jatau, wannan ramin ɓeran fa?"

"Alhaji, ƙofar maƙwabta ce. Ba a toshe ta."

"Maƙwabtan sun kama shago ne? Tayil ɗin nan daga ƙasar waje na sayo shi. Ka toshe, ko ka kwashe kayan aikinka. Magina ba su ƙare a duniya ba."

Baba yana da iyali. Ya ciko cokalin gini da siminti, ya toshe.

Da na shiga gida, a zaune na sami Baba kan tabarma, ido buɗe, bai san na shigo ba. Wuyansa a karye yake kamar na wanda aka ɗora wa kaya, gumi yana tsiyaya a jikinsa ko a inuwa, gashin tsakar kansa kuma ya zube daidai faɗin gammo. An kai shi asibiti, ba a ga komai ba. An yi addu'a, an yi rubutu an ɗura masa. Kullum ƙara ramewa yake.

"Tun ran da ya toshe," in ji Inna, tana fifita masa da murfin kwano. "Shi kuwa mai ginin ko 'ya jiki' bai aiko da shi ba."

Washegari da rana tsaka, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa, na durƙusa a bakin kafar gidanmu, na shafa ta kamar yadda Baba ke yi, na ce, "A wuce lafiya."

"A wuce ta ina, alhali kun toshe?" in ji wata murya daga ciki.

Kafin in janye hannuna, kafar ta wangame kamar ƙofar gari. Na tsinci kaina tsaye a kan wata hanya mai faɗi shimfiɗe da farin yashi, sama da ni kuma ga gindin gidajenmu yana reto kamar saiwar bishiya. A gabana ga wani dogo kamar giginya, idanunsa a tsaye suke maimakon a kwance, ƙafafunsa kofato.

"Salamu alaikum, ya kai mai tsaron hanya," na ce.

"Wa alaikis salam, 'yar Adam. Mun daɗe ba mu ji sallama daga sama ba, sai ruwan wanke-wanke. Me ke tafe da ke?"

"Ubana nake nema, gangar jikinsa kawai aka bar mana a gida. Jatau magini."

"Hannun da ya toshe. Yana fadar Magajiya, cikin dutse. Bi ayari. Don sallamarki zan ba ki abu ɗaya. A ƙasar nan karɓa magana ce. Kada ki miƙa hannu ki karɓi komai, ko da naki ne."

Na bi ayari. Akwai raƙuma masu tozo uku da fararen jakuna masu ƙaho, amma mafi yawa mata ne sirara, kowace da tulu a ka. Masu fitowa daga dutse tulunansu cike, masu komawa nasu wayam. Na ga wata ta tsaya a ƙarƙashin wani rami da haske ke saukowa ta cikinsa, ta tuttule tulunta. Na ɗaga kai, na gane bakin rijiyar gidanmu, har da tsagar da ke jikin murfinta.

Da muka isa ƙarƙashin shagunan Alhaji, sai ga siminti ya sauko ya tare hanya kamar tsauni. Ayari ya karkata kudu ta wata ƙunƙuntar hanya. Muka bi ta ƙarƙashin tashar mota, inda baƙin mai ke ɗiga yana ƙona duk wanda ya taɓa. Muka bi ta ƙarƙashin bola, inda ledoji ke rataye kamar jemagu suna naɗe ƙafar jakuna. Wata daga cikin masu tulu ta zame, ruwanta ya zube, ta miƙe ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke daga cikinsu kike?"

"Daga cikinsu nake."

"Tun kakanninku ba su san wando ba muke cika muku rijiyoyi. Ku kuwa in kun jawo guga sai ku ce garinku mai albarkar ƙasa ne. Albarkar ƙasa!" Ta tofar da yawu, ta ɗauki tulunta.

Hanyar ta faɗa da mu cikin wata kasuwa mai girma. Ban ga hatsi ko tufafi ba. Abin da garinmu ya yasar shi ake kasawa a faifai. Ga ƙyauren tsohuwar ƙofar gari da aka ce gara ta cinye, yana jingine lafiya lau. Ga sunayen rijiyoyin da aka cike da shara, an jera su kamar curin daddawa. Ga taken mahauta a cikin gora, in an buɗe ya fito ya yi kiɗansa ya koma. Ga waƙoƙin daka a ƙwarya an rufe da faifai, suna motsi kamar 'yan tsaki.

Wata mai talla da bakinta ke bayan ƙeya ta sha gabana, ta juya mini baya don ta yi magana.

"'Yar Jatau, jikar Kande, ga naki nan." Ta buɗe wani ɗan ƙoƙo. Muryar kakata ta fito, tana rera waƙar da take lallashina da ita ina goye. Na manta waƙar ƙaf, sai a lokacin ta dawo. Hawaye ya zubo mini.

"Karɓi. Kyauta ne. Ai naki ne."

Hannuna ya fara tashi da kansa. Na kama shi da ɗayan, na mayar da su baya, na sunkuyar da kai na wuce.

"Ikon Allah," in ji ta a bayana. "Ashe akwai mai ƙin kyauta a Gangaren Marke. Danginki ko guba ce, in dai ba a ce a biya ba, hannu biyu suke sawa."

Bayan kasuwa sai wani kogi, ruwansa shuɗi ƙirin, yana warin baban rini. Daga sama yake tsiyayowa, daga tsofaffin ramukan rini da marinanmu suka bari aka mayar juji. Masu tulu suka taka kan ruwan suka wuce abinsu. Ni na tsaya a gaɓa. Wani gungume da ke gefe ya buɗe ido, ashe tsohon kada ne mai farin gemu.

"'Yar Adam, fito kike so?"

"Fito nake so, ya mai kogi."

"Ladana magana ce. Faɗa mini abu ɗaya na garinku da idonki ya gani. In kika ba ni wanda aka ɗura miki a kunne, zan ɗauke ki, amma a tsakiya zan juye."

Labarin Barde ya zo mini har bakin leɓe, don shi ne abin da ɗan garinmu ke fara jawowa in an ce ya faɗi wani abu. Na haɗiye shi.

"Na ga gizo-gizo ba ya saƙa a ƙofar maƙwabta," na ce.

Kadan ya yi dariya har kogin ya yi kumfa. "Ai ya fi ku hankali. Ba ya ɗaura zare a hanyar da ake bi. Hau."

Na hau bayansa. A tsakiya igiyar ruwa ta taso ta jiƙa bakin zanena, wasu hannaye shuɗɗa suka riƙa fitowa suna miƙo mini turamen zane masu ƙyalli. Na rufe ido na ƙanƙame gwiwoyina har muka taɓa ɗaya gaɓar.

Fadar Magajiya cikin Dutsen Kura take. Zaure ne da ba a ganin rufinsa, a tsakiyarsa ga wani idon ruwa yana tafasa ba wuta, masu tulu suna ɗiba. Fadawa sun cika gefe da gefe, wasu da kan mujiya, wasu ba kai sam. Ita kuwa Magajiyar 'yar tsohuwa ce ƙarama, tana zaune kan turmi a kife tana kaɗi, furfurarta ta sauko ta haɗu da audugar har ba a bambance su.

Kafin in gaishe ta na ga Baba. Yana cikin layin masu ɗiba, tulu biyu a kansa, ɗaya kan ɗaya, ƙafafunsa duk ƙunar baƙin mai.

"Baba!"

Ya wuce ta gabana bai ko juyo ba.

Na zube ƙasa. "Ranki ya daɗe, Magajiya. Allah ya ja zamaninki. Wancan ubana ne. Umarni aka ba shi."

"Mun sani," in ji ta, ba ta daina murza mazari ba. "Hanya ta yi tsawo, masu ɗauka sun gaza, sai muka ƙara da hannun da ya tsawaita ta. Tashi zaune. An ce kin yi karatu mai zurfi. Wa ya kafa garinku?"

"An koya mana cewa wani maharbi ne, Barde Jankwari, ya harbi dodo a gindin marke."

Fadar ta kece da dariya. Masu kan mujiya suka faɗi suna birgima, marasa kai suka riƙe ciki. Har tsakuwa ta riƙa zubowa daga rufi.

"Barde," in ji Magajiya. "Ku ji fa, Barde. A kawo mata barden."

Aka kawo wani abu naɗe a tsumma, aka warware a gabana. Tsohon kwari ne na zuba kibau, ɗan ƙarami, fatarsa ta ƙeƙashe.

"Da rana tsaka ya zo," in ji Magajiya, "a guje, ƙaya a ƙafa. Yunwa ce ta koro shi daga garinsu. Bunsurunmu yana kiwo a gindin marke, ya yi atishawa. Mutumin naku ya haye bishiya yana kiran uwarsa, ya ƙi saukowa har rana ta faɗi ta sake fitowa. Wannan bunsurun shi ne dodonku. Ni na lallashe shi ya sauko. Ni na cire masa ƙayar. Ya roƙi aron wurin kafa bukka, muka ba shi aro, muka ɗora masa da ruwa, bisa sharaɗi ɗaya: duk abin da zai gina, shi da zuriyarsa, a bar mana hanyarmu. Muka ce ya ba da jingina. Ya ba da abin da ya mallaka, kwarin nan. Ko kibiya ɗaya babu a ciki, ya sayar da su a hanya ya sha fura."

Ta tsinke zare da haƙori.

"Ban raina shi ba. Matsoraci ne, amma ya san shi baƙo ne, kuma ya iya godiya. Har ya mutu bai taɓa wuce kafar nan bai gaishe mu ba. Jikokinsa ne suka ga godiya ta yi musu nauyi, suka ajiye ta suka ɗauki ƙarya, don ita ba ta da nauyi."

"Ranki ya daɗe, in na koma zan sa guduma in fasa simintin da hannuna."

"A banza. Bakin da ya ce a toshe, shi zai ce a buɗe. Ki saurara, 'yar Adam, ba na maimaita magana. Ranar kasuwarku mai zuwa mai ginin zai buɗe shagunansa. Zan zo da kwarin nan. In ya ce a buɗe hanya, in koma da kayana, ubanki ya tashi, maƙwabtaka ta ci gaba. In kuwa ya miƙa hannu ya karɓi jinginar kakansa, aro ya ƙare. Ba mu da hanya a kanku, ba mu da ikon riƙe ubanki, ku kuma ba ku da ruwa a kanmu. In inuwar marke ta juya gabas bai yi ko ɗaya ba, ubanki ya zama namu har tashin duniya."

Ta hura audugar da ke hannunta. Na buɗe ido a durƙushe a tsakar gidanmu, rana tana nan inda na bar ta, bakin zanena ya rine shuɗi.

Da la'asar na tafi gidan Alhaji. Na same shi a falo da 'yan kwamitinsa, sun kewaye tiren nama suna tsara wanda zai zauna kusa da wa ranar biki. Na durƙusa a bakin ƙofa har ƙafata ta yi sanyi kafin ya ga dama ya gan ni.

"A'a, 'yar Jatau ce? 'Yar boko an dawo. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji. Alfarma na zo nema. Kalma ɗaya ce. Ka ce a buɗe kafar nan da aka toshe."

Na faɗa masa abin da na gani, a taƙaice, idona a ƙasa. Sakataren ƙungiya ya fara dariya tun kafin Alhaji ya yanke shawarar abin dariya ne, sannan ya tsaya ya jira, da Alhaji ya fashe sai ya ci gaba.

"Ku ji mini yarinya! An kashe kuɗi an kai ki jami'a don ki dawo ki ce aljanu suna bina hanya? Ke, kakana ne ya kori ubansu da kibiya. In suna da ƙorafi su kai kotu."

"Alhaji, ko ba ka yarda ba, kafa ce daidai wucewar kaza. Ba za ta rage maka komai ba."

"Za ta rage. Baƙi za su zo daga birni, su ga rami a gindin ginina kamar gidan ƙauye? Ci gaba muke kawowa garin nan, ba tatsuniya ba." Ya yagi tsoka, ya yi magana da ita a baki. "Jatau hawan jini ne da shi. A rage masa gishiri."

Na koma washegari, aka ce yana barci. Na sake komawa, mai gadi ya ce an hana ni shiga.

Ranar kasuwa aka kafa rumfuna a gaban shagunan, aka ɗaure jan ƙyalle a ƙofa, lasifika tana ta ƙara. Maroƙi yana zuba wa Alhaji kirari, jikan mai kashe dodo, na Barde ba ka gudu. Na tsaya can baya cikin mata, idona a kan marke. Inuwarsa tana ta tsukewa tana komawa gindinsa.

Sai na ga Magajiya a bakin shingen da aka kewaye manyan baƙi da shi. 'Yar tsohuwa cikin koɗaɗɗen saƙi, da ƙunshin tsumma a hammata. Wani ɗan banga ya tare ta da sanda.

"Iya, sadaka sai an tashi. Koma baya."

Ba ta yi gardama ba. Ta tsaya, ta waiwayo ta kalle ni ta cikin taron nan duka, sannan ta kalli marke. Na gane ba za ta roƙi kowa ba. In inuwa ta juya tana tsaye a nan, ita ba ta yi asarar komai ba.

Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, na kutsa cikin mutane, na ture sandar ɗan bangan na ce, "Tare muke." Na wuce da ita har gaban babban tebur. Mai gabatarwa yana gyara takardunsa, na zare abin maganar daga hannunsa.

"Jama'ar Gangaren Marke, ku zama shaida." Muryata ta fito ta lasifika, ta ba ni tsoro. "Ƙasar nan aro ce. Ruwan rijiyoyinmu na maƙwabta ne. Tsohuwar nan ta zo da kwarin Barde Jankwari, wanda ya bayar jingina. Alhaji, don girman Allah kada ka karɓa. In ka karɓa aro ya ƙare, ruwa ya tafi. Ka ce a buɗe kafar nan kawai, ta koma da kayanta."

Daga duk abin da na faɗa, kalma biyu ce ta shiga kunnen Alhaji.

"Kwarin Barde?" Ya miƙe, babbar rigarsa ta kwashe kwalaben lemo daga tebur. "Na kakana? Ina yake?"

Magajiya ta warware tsumman, ta ɗora kwarin a tafukanta biyu. Ba ta miƙa ba, ba ta janye ba.

Wasu tsofaffin magina daga bayan rumfa suka tashi suna ɗaga hannu. "Alhaji, tsaya! A bincika tukuna!" Maroƙi ya ga dama ta samu, ya yi wa makaɗa alama, ganga ta danne muryarsu.

Alhaji ya sa hannu biyu ya fizge. Ya ɗaga shi sama yana juyawa don masu ɗaukar hoto.

"Ga shi! Masu cewa ni ba jininsa ba ne, ga shaida ta zo da ƙafarta!"

Ya girgiza kwarin don a ji ƙarar kibau. Garin fatar da ƙwari suka ci ya zubo masa a kan farar shadda.

"Babu kibiya a ciki, Alhaji," in ji sakatare a hankali.

"To ina za ta kasance? Duk sun ƙare a jikin dodo!"

Taro ya ɗauki tafi da guɗa. Na duba gindin marke, inuwa ta fara leƙawa gabas. Magajiya ta kalli Alhaji irin kallon da ake yi wa kazar da ta hau kan tuwo, ta kaɗe tafukanta. Ban jira an yanka ƙyalle ba, na ruga gida.

Na tarar da Baba yana murza wuyansa, Inna tana kuka tana dariya.

"Hansatu? Yaushe kika dawo?" Muryarsa a dushe. "Ba ni ruwa, 'yar nan. Ji nake kamar na yi shekara ina tafiya."

Na jefa guga a rijiya. Igiyar da tun ina yarinya take isa har ta yi saura, yau ta ƙare a hannuna ban ji ta taɓa ruwa ba. Na kwanta a bakin rijiyar na miƙa hannu iyakar tsawonsa, na jawo. Rabin guga ne, rabinsa kuma laka. Daga gidan maƙwabtanmu na ji wata tana cewa, "Kai, wa ya taɓa ganin rijiya ta ja baya da rana tsaka?" Can wajen shaguna ganga tana ta tashi.

Na ɗebo wa Baba na randa. Ya sha, ya kalli gugan, ya kalli shuɗin bakin zanena. Ya dafa bango ya miƙe.

Sai ga Magajiya tsaye a gindin katangarmu, kusa da kafar. Ban ga shigowarta ba. Daga ƙarƙashin ƙasa ina jin ƙararrawar raƙuma da takun ayari, duk sun nufi yamma, babu mai dawowa.

Baba ya taka da ƙyar har gabanta, ya tsuguna, ya shafi bakin kafar da tafin hannunsa.

"A wuce lafiya, maƙwabta," ya ce. "A yafe mana."

Ta daɗe tana kallonsa. Wani ɗan gizo-gizo ya sauko daga kan katanga a kan zarensa, ya tsaya a bakin kafar, ya ɗaura a gefe ɗaya, ya haura ɗaya gefen. Ta bi shi da ido har ya gama layin farko. Sannan ta ja saƙinta ta rufe kai, ta bi ta zaure kamar kowace baƙuwa, ta fita.